Fankar Masana'anta Tsakanin Kunnawa da Kashewa

A yawancin masana'antun Bompai da nake shiga duba ɗalibaina masu neman sanin makamar aiki, manyan fankokin da ke zuƙe iska mai zafi daga ɗakin aiki hali biyu kawai suka sani: ko suna gudu iya ƙarfinsu, ko suna tsaye cik. Tun da hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A zuwa naira 225 kan kowane yunit a watan Afrilun 2024, hali na biyu ya fi yawa. Manaja ya duba takardar kuɗin wuta, ya nemi abin da zai kashe ba tare da aiki ya tsaya ba, sai idonsa ya faɗa kan fanka. Wanda ke biyan wannan tsimi shi ne leburan da ke tsaye gaban injin narka roba a tsakiyar bazara, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40 ko a inuwa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne akwai mafita, kuma ba sabuwa ba ce. Wutar da fanka ke sha ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudunta. In ka rage gudun da kashi 20 cikin ɗari, wutar takan sauka zuwa kusan rabi. In ka raba gudun biyu, kashi ɗaya bisa takwas take sha. Mu ɗauki fanka mai kilowat 15 da ke aiki awa 16: yunit 240 ke nan, wato naira 54,000 a yini a kan wancan farashi. Ɗan sassauta mata gudu ya mayar wa mai masana'anta da fiye da naira 20,000 kullum, iska kuma tana fita.

Na'urar da ke yin wannan, wadda masu gyara ke kira VFD, tana sauya bugun wutar da ke isa ga injin fankar, daga 50 da muka saba zuwa ƙasa. Umarninta kuwa daga ɗan siririn sigina yake zuwa. Ma'aunin zafi a ɗakin aiki yana aiko da shi: ko dai bolt 0 zuwa 10, ko miliamfa 4 zuwa 20. Zafi ya ƙaru, sigina ya hau, fanka ta ƙara gudu, ba sai wani ya taɓa makunni ba.

Ni na fi son na biyun. Sigina na bolt yana raunana a doguwar waya, kuma manyan injuna da janareto suna cusa masa hayaniya. Sannan in waya ta tsinke, ko ɓera ya ci ta, sifilin da ya iso ba shi da bambanci da umarnin "tsaya". Fanka ta mutu, na'ura kuma tana ganin lafiya lau. Amma tsarin da ya fara daga 4 ya san cewa sifili ba umarni ba ne, matsala ce, sai ya yi ƙararrawa. Wanda ya fara wannan tunani ya san halin masana'anta.

Sai dai kada a ɗauka sayen na'ura ya gama zance. Ƙurar hunturu tana toshe mata hanyar shan iska har ta ƙone, kuma hawa da saukar wuta ba ya yi mata daɗi. Mafi muhimmanci, ma'aunin zafi zafi kaɗai yake ji. A majemun Challawa da Sharada, ko wurin fenti, sanyin watan Janairu ba ya rage tururin sinadarai da ma'aikaci ke shaƙa. Dole injiniya ya saka mafi ƙarancin gudun da fanka ba za ta sauka ƙasa da shi ba, ya kulle shi da lambar sirri, ya rubuta dalili a takarda. Kuma ya ƙi sauya shi ko da mai gida ya kira shi ofis da takardar KEDCO a hannu.