Gardamar Mutum Biyu a Gaban Allo

Wata rana cikin shekarar 1967, wani sabon ma'aikaci a Ma'aikatar Lissafi ta ƙasar Norwe, a birnin Oslo, ya sheƙo a guje wurin matar da ke tsaron wayar ofis. Ya ce mata ga waɗansu mutum biyu can a bene sun kaure da faɗa a gaban allo, a yi maza a raba su. Matar ta fito ta kasa kunne, sa'an nan ta ce masa ya kwantar da hankalinsa, ai Kristen ne da Ole-Johan ke shawarar aikinsu.

Mutanen nan su ne Kristen Nygaard, wanda aka haifa a 1926, da Ole-Johan Dahl, wanda aka haifa a 1931. Halinsu ya sha bamban. Nygaard mutum ne mai faɗin baki da son jama'a da siyasa. Dahl kuwa shiru-shiru ne, in ba lissafi ba sai kiɗan fiyano. Amma harshe da haƙori ma su kan saɓa, ga shi kuwa a baki ɗaya su ke zaune. Abin da su ke wa gardama ran nan shi ne yadda mutum zai tsara wa kwamfuta bayanin abubuwan duniya.

Ga yadda maganar ta samo asali. Daga 1948 zuwa 1960 Nygaard yana aikin lissafi a wurin binciken sojan ƙasarsu, ya kuwa sha cin karo da tambayoyin da alkalami ba ya iya warwarewa. A ce ga tashar jirgin ruwa, jirage na zuwa ba bisa ƙa'ida ba, ga ma'aikata, ga kaya jibge. In aka ƙara wurin sauke kaya guda, jira zai ragu da awa nawa? Ba mai iya gina tasha don gwaji kawai, kuɗin ya yi yawa. Dabara ita ce a sa kwamfuta ta kwaikwayi tashar, a zuba ido a ga abin da zai faru. To, harsunan da a ke ba kwamfuta umurni da su a zamanin nan ba su san jirgi ko lebura ba, sai lambobi tsagwaronsu. Saboda haka a 1962 Dahl ya haɗa kai da shi, suka shiga ƙago sabon harshe bisa tushen wani da a ke kira ALGOL 60, suka raɗa masa suna Simula. Farkon 1965 ya soma aiki a kan wata babbar na'ura, UNIVAC 1107.

Harshen ya yi aiki, amma bai gamshe su ba, don sun lura suna ta maimaita rubutu iri ɗaya. Ƙarshen 1966 suna tunanin wata gada mai shingen karɓar kuɗi, inda manyan motocin kaya da bas-bas da ƙananan motoci ke jeruwa. Kowace mota, ko wace iri ce, tilas ta san wadda ke gabanta da wadda ke bayanta a layi. Me zai sa a rubuta wannan sau uku? Sai suka ga a rubuta shi sau ɗaya, kowane irin mota ya ɗauka daga can. Daga nan aka sami Simula 67, wanda suka bayyana wa masana a wani taro a Lysebu, kusa da Oslo, cikin watan Mayu na 1967.

Yanzu sai mai karatu ya natsu, gama nan ne cibiyar maganar. Kalmomi biyu suka kafa, aji da abu.

Aji shi ne bayanin jinsi. Mai rubutu zai zauna ya ce, duk abin da a ke kira mota yana da lamba, yana da nauyi, yana da lokacin da ya iso gada. Waɗannan su ne siffofinsa. Zai kuma faɗi abin da mota ke iya yi: ta shiga layi, ta biya kuɗi, ta wuce. Waɗannan su ne ayyukanta. Duk da wannan rubutu, har yanzu babu mota ko ɗaya a kan gadar. Aji kamar hatimi ne a aljihun magatakarda, bai zama shaida ba sai an buga shi a takarda.

Abu kuwa shi ne guda ɗaya da aka fitar daga ajin. In mai rubutu ya ba da umurni a yi sabuwar mota, sai kwamfuta ta keɓe wuri a ma'ajiyarta, ta ce nan na wannan mota ne, da lambarta da nauyinta. In ya sake ba da umurnin sau dubu, sai a sami mota dubu, aji ɗaya, amma kowace da nata. In ta bakwai ta biya kuɗi, ba a rubuta wa ta takwas cewa ta biya ba. Hikimar ita ce siffofi da ayyuka suna ɗaure wuri guda. Wanda ke son mota ta biya ba ya bukatar ya san yadda ta ke lissafin kuɗinta, iyakarsa ya kira aikin da sunansa.

Sa'an nan sai gado. Motar kaya ai mota ce, sai dai tana da ƙarin kaya a bayanta. Don haka ba a sake bayaninta daga farko. A kan ce ita ƙaramin aji ce a ƙarƙashin mota, nan take ta gaji lamba da nauyi da shiga layi, sai a ƙara mata nauyin kaya. Bas ma haka, a ƙara masa yawan fasinja. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Har ma a kan bar kowane ƙaramin aji ya tsara yadda zai biya, mai shinge ya ce wa kowa biya, motar kaya ta biya bisa nauyi, bas ya biya nasa daban. Amma gado yana da nasa haɗari, gama in aka yi kuskure a babban aji, duk zuriyar ta kwasa.

Akwai wani rami da masu koyo ke yawan afkawa. Sunan abu daban, abin kansa daban. Mutum guda a kan kira shi da sunan yanka a gida, a kasuwa kuma da laƙabi, in aka yi wa mai laƙabin aski, mai sunan yankan ma ya tashi da ƙwal kwabo. Haka mai rubutu kan ba mota suna na biyu yana tsammanin ya sami mota biyu, ya sāke nauyin ɗaya, sai ya tarar ɗayar ma ta sāke, ya kwana yana neman ɓarawon da babu shi. Dahl da Nygaard sun hango wannan, shi ya sa suka ware alamu biyu. Ɗigo biyu da alamar daidai na nufin a kwafi adadi, ɗigo biyu da ɗan karan tsaye a kwance na nufin a nuna abu.

Simula kansa bai cika duniya ba, amma irinsa ya yaɗu. Alan Kay ya gan shi a Amurka a 1966, daga baya shi da abokan aikinsa suka ƙago Smalltalk. Bjarne Stroustrup, mutumin Denmak, ya yi aiki da shi yana ɗalibi a Ingila, a 1979 ya soma ɗora aji a kan harshen C, abin da ya zama C++. Java ya biyo baya a 1995. Yawancin manhajojin da ke cikin wayar hannu da aji da abu aka gina su.

Shi Nygaard dai wani abu ya tsaya masa a rai. Ya lura masu masana'antu na amfani da Simula su tsara aiki, a kwaikwayi inji, a kwaikwayi lebura, duk abubuwa ne masu siffofi a cikin na'ura. Sau da yawa abin da ke fitowa shi ne aiki mai gundura da matsi, da raguwar bukatar gwaninta, leburan kuwa ba wanda ya tambaye su. Mai rubuta aji shi ke zaɓen abin da za a ƙidaya, in bai sa gajiyar mutum cikin siffofi ba, kwamfuta ba za ta taɓa ganinta ba. Mutum ne mai ra'ayin talakawa, abin ya dame shi ƙwarai. Maimakon ya wanke hannunsa, daga 1971 zuwa 1973 ya yi aiki tare da ƙungiyar ma'aikatan ƙarfe ta Norwe, yana taimakonsu su fahimci kwamfuta don su sami bakin magana kafin a shigo da ita wurin aikinsu. Bayan 'yan shekaru aka ƙulla yarjejeniya tsakanin ƙungiyoyin ƙwadago da masu masana'antu na ƙasar, wadda ta ba ma'aikata wannan haƙƙi.

Dahl kuwa ya zama shehun malami a Jami'ar Oslo a 1968, ya duƙufa kan yadda za a tabbatar da cewa umurnin da aka rubuta wa kwamfuta ba shi da kuskure. An ba su biyun lambar Turing ta 2001, wadda ita ce mafi girma a wannan fanni. Dahl ya rasu ran 29 ga Yuni, 2002, Nygaard ya bi shi ran 10 ga Agusta, mako shida ke nan tsakaninsu.