Neman hoton biki daga Falgore zuwa Tiga

Tun da aka sa ranar bikin Yayana, magana ɗaya yake maimaitawa: shi ba zai yi hoton aure a situdiyo, gaban labule mai zanen furanni ba. Ya ga hotunan angwaye a Instagram, wasu a Yankari, wasu a dazuzzukan Kenya, ya ce mu ma ai muna da Falgore. Baba ya saurare shi har ya gama, sannan ya kafa sharaɗi biyu. Ba za a ɗauki 'yar mutane a kai ta daji ba sai an ɗaura aure, kuma Kawu da Gwaggo za su yi rakiya. Da yake an ɗaura auren mako biyu kafin tarewa, akwai sauran lokacin buga kalandar da za a raba ranar biki. Ni kuwa, ɗan aji uku na babbar sakandare, aka ba ni aikin riƙe faifan da ke mayar da haske kan fuska.

Mun so barin Kano bayan sallar asuba, amma mai kwalliya ba ta saki amarya ba sai ƙarfe tara. Muka bi hanyar Zariya, muka wuce Kura da gonakin Kadawa. A Kwanar Dangora, cikin ƙaramar hukumar Ƙiru, muka saki babban titi muka kama hanyar Jos. Lokacin kaka ne. Kafin mu isa Tudun Wada, ko'ina ka duba shinkafa ce, wasu na yanka, wasu na bugu, wasu sun shanya a bakin kwalta. Daga nan ƙasa ta fara sauya kama. Duwatsu suka fara leƙowa, itatuwa suka ƙara tsayi da yawa: doka, marke, kaɗanya da ɗorawa.

Dajin Falgore na da nisan kimanin kilomita 150 daga birnin Kano, kuma ya taɓa ƙananan hukumomin Doguwa da Tudun Wada da Sumaila. A zamanin Turawa aka keɓe shi da sunan gandun dajin Kogin Kano, daga baya ya zama wurin kare namun daji. A ƙarshen 2020 gwamnatin tarayya ta sanya shi cikin wurare 10 da ta amince su zama sababbin gandayen daji na ƙasa. Wannan duk Yaya ya karanta. Abin da bai lissafa ba shi ne, dajin ya sha fama da ɓarayin shanu, har a 2017 sojoji suka mayar da wani sashensa filin atisaye.

Rana ta take tsaka lokacin da muka tsaya a bakin dajin. Mai hoto ya buɗe jaka ya fito da ɗan jirgin nan mara matuƙi. Kawu ya dafa hannunsa.

“Malam, mayar da shi. A nan ba a tayar da abu sama ba tare da an sani ba.”

Muna cikin haka sai ga wani ma'aikacin gandun daji a kan babur. Bayan an gaisa ya yi wa ango da amarya fatan alheri, sannan ya tambayi takardar izini. Muka kalli juna. Ya yi mana bayani cikin mutunci cewa ba a kutsawa ciki sai da izini da ɗan rakiya, domin baƙo bai san inda ake bi da inda ba a bi ba.

“Ranka ya daɗe, hoto kawai za mu yi mu fito,” in ji Yaya.

“Ango, ai fitowar nake so in tabbatar,” ya amsa.

Muka gwada 'yan hotuna a gefen titi. Ba ko ɗaya da ya yi kyau. Rana ta sa kowa ya runtse ido, hular Yaya ta jefa inuwa a fuskarsa, gumi ya fara wanke hodar amarya, ƙarangiya kuma ta kama gefen leshinta. Yaya ya yi shiru. Na san lissafin da yake yi: kuɗin hayar mota da na mai hoto daga cikin na fentin ɗaki ya cire su.

Gwaggo ce ta katse shirun. “Ɗan nan, amana aka ba mu. Kafin la'asar ina so mu bar dajin nan.” Kawu ya ce to mu juya Tiga, ya san wurin tun yana ɗalibi.

Madatsar ruwa ta Tiga tana ƙaramar hukumar Bebeji. An kammala ta a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, kuma ruwanta ne ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura da muka wuce da safe. Wannan karon Kawu ya fara sauka, ya nemi masu kula da wurin, ya faɗi abin da ya kawo mu, aka nuna mana inda za mu tsaya. Muka yi salla, muka ci soyayyen kifi, Gwaggo ta zauna tana cire ƙarangiya ɗaya bayan ɗaya.

Wajen ƙarfe biyar haske ya yi laushi, ruwan ya koma kamar an zuba masa zinariya. Mai hoto ya ce mini sa'a guda bayan fitowar rana da sa'a guda kafin faɗuwarta su ne jarin mai hoto, domin hasken yana zuwa ta gefe, ba ya ƙona fuska. Wani masunci ya ara mana kwalekwalensa da ke ɗaure a gaɓa. Yaya ya sa ƙafa ɗaya, kwalekwalen ya motsa, ya yi tangal-tangal da babbar riga. Amarya, wadda tun safe ba a ga haƙorinta ba, ta tuntsire da dariya. A daidai nan aka danna kyamara.

A hanyar dawowa Kawu ya gaya wa Yaya cewa Kogin Kano ta cikin Falgore yake ratsowa kafin ya zuba a Tiga. “Ka ga ke nan dajin naka ya shiga hoton, ta ruwa ya biyo ku.”

'Yan'uwana ɗalibai, idan aikin shirya irin wannan tafiya ya faɗo kanku, ko ta biki ko ta makaranta, ku nemi izini tun kafin ranar, ku tambayi mutanen yankin halin da hanya take ciki, ku tafi da babba, ku kuma tsara tafiyar da lokacin haske. Ku kwashe ledojinku da robobin ruwa idan kun tashi.

Hoton kwalekwalen ne aka buga a kalanda. Yaya ya ce in Allah Ya kai mu baɗi zai koma Falgore da takarda a aljihu. Har yanzu dai ɗakin nasa rabin fenti ne.