Rumbun Kaka, Wayar Jika

A sana'armu ta rubuta manhajar kwamfuta akwai tambayar da ake yi kafin a saki kowane aiki ga jama'a: idan wannan ɓangaren ya mutu da tsakar dare, me zai biyo baya? In amsar ita ce komai zai tsaya cak, to da sauran aiki. Dole a samar masa madadi, a ajiye kwafin bayanai a wani wuri dabam, kuma jifa-jifa a kashe na farkon da gangan don a ga ko na biyun zai ɗauka. Kusan shekara goma ke nan ana biyana ina yi wa na'urorin mutane wannan tambayar. Gidajenmu kuwa, inda 'ya'yanmu da tsofaffinmu ke kwana, ba kasafai ake yi musu ita ba.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. A ƙarshen Maris na 2020 aka kafa dokar hana fita a Jihar Kaduna saboda korona, ta kai har cikin Yuni, sai ranakun da aka ware ake fita sayen abinci. A farkon 2023 aka shiga canjin kuɗi, takardun naira 200 da 500 da 1,000 suka yi ɓatan dabo, mutum yana da dubbai a asusu amma ba ya iya sayen kokon naira ɗari. A Oktoban 2024 manyan layukan da ke kawo lantarki Arewa suka samu matsala, jihohi da dama suka haura mako cikin duhu. A duka ukun nan abinci bai ƙare a ƙasa ba. Masara na nan a Ikara, rake na nan a Makarfi, tumatir da barkono na nan a fadamun Kudan da Hunkuyi. Abin da ya tsinke shi ne igiyar da ke sada mutum da abincin.

Kwanakin duhun nan ina gida a Makarfi, kuma na ga yadda igiyar take warwarewa. Wuta ta ɗauke, injin rijiyar burtsatse ya tsaya, 'yan ga-ruwa suka ƙara kuɗi. Mai niƙa ya koma kan fetur, shi ma ya ƙara. Wayoyi suka mutu ɗaya bayan ɗaya, wanda wayarsa ta mutu kuwa ya rabu da bankinsa, ya rabu da lambar ɗansa da ke Kaduna ko Kano, don ba wanda ya haddace lamba yanzu. Ina da 'yar sola da na saya saboda aiki. Kafin kwana uku zaurenmu ya cika da wayoyin maƙwabta, kowace da ɗan ƙyalle ko zare a ɗaure don kada a musanya. Duk rayuwar unguwa guda ta rataya a kan faifan sola ɗaya. A wurin aiki, tsari irin wannan ba ma barin sa ya kwana.

Gidan kakanmu, a wani ƙauye tsakanin Makarfi da Ikara, ba haka aka gina shi ba. Akwai rumbun da ake ci daga cikinsa tun kaka. Akwai rufewa, wadda ake cika da damman dawa a liƙe bakinta da laka, ba a buɗewa sai damina ta sauka, lokacin da aikin gona ya yi nauyi kuma hatsi ya yi tsada a kasuwa. Sannan akwai ajiyar kakata ita kaɗai a ɗakinta: tukunyar wake gauraye da toka don ƙwari, kauɗa, busasshiyar kuɓewa, kuka, daddawa, da curin mazarƙwaila. In ɗaya ya ƙare akwai na biyu, in gobara ta ci na waje akwai na ɗaka. Mutanen nan ba su karanta kimiyyar kwamfuta ba, yunwa ce ta koyar da su. Har suna suka raɗa mata, irin su Kakalaba ta 1914 da 'Yar Gusau ta 1942, kuma iyayenmu sun ga farin 1973 da idonsu. Mu jikoki mun sayar da abin da aka noma tun a bakin gona, mun mayar da rumbun ya zama lambobi a cikin waya.

Da na fara tara 'yan kayayyaki a wani lungu na gidana, kawuna ya leƙa ya yi dariya. Ya ce, “Kai ɗan nan, yaƙi za a yi ne? Ina tawakkali?” Na ce, “Allah ya ja kwana, Kawu, ai ku kuka karantar da mu labarin Annabi Yusufu, da ya sa aka ajiye hatsin shekaru bakwai na yalwa a cikin zangarniyarsa.” Ya yi shiru, can ya ce wancan tanadi ne, abin da yake tsoro shi ne ɓoyo. Maganarsa tana kan hanya. Wanda ya cika sito da buhu ɗari yana jiran mutane su galabaita ya sayar da tsada, ɓoyo yake yi. Wanda ya ajiye abincin mako biyu don kada ya shiga turereniya ranar da kasuwa ta rikice, ya rage wa kasuwar mutum ɗaya ne.

Ruwa ne farko. Masu aikin agaji na duniya suna lissafa aƙalla lita 15 ga mutum guda a rana, sha da girki da tsafta. Gida mai mutum goma yana buƙatar jarka shida masu lita 25 kowace rana. Wanda ya taɓa yin wannan lissafin ba zai sake barin randa da duro su kwana a bushe ba. Sai abincin da ba ya neman firji ko injin niƙa: garin tuwo da aka riga aka niƙa, shinkafa, wake, garin kwaki, ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, gishiri, kayan miya busassu. Wake da masara suna daɗewa a buhun nan mai ninki uku da masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, leda biyu a ciki da buhu a waje. In an ɗaure da kyau iska ba ta shiga, ƙwarin su mutu ba tare da an zuba magani ba. Sai gawayi ko itace, ashana cikin leda, tocila, da ƙaramar rediyo mai batir. Fetur kam ba a ajiye shi a ɗaki, musamman da hunturu, kada maganin wata masifa ya jawo wadda ta fi ta.

Abin da ya fi hana ni barci shi ne magani. Mahaifiyata tana shan na hawan jini kullum, kuma hawan jini bai san dokar hana fita ba. Yanzu ba ma bari na wata ya ƙare kafin a sayo na gaba. Ga yara kuma akwai ƙullin gishiri da sukari na gudawa. In babu, ana haɗawa a gida: lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin cokali na gishiri. Akwai 'yan tsabar kuɗi ƙanana a wani wuri da ni da uwargida muka sani, da takarda mai lambobin waya goma rubuce da biro.

Na san wani zai ce wannan zancen masu albashi ne, wanda ke hannu baka hannu ƙwarya da me zai yi tanadi? Tambaya ce mai nauyi, kuma ba na raina ta. Abin da na gani dai shi ne, kakata ba ta taɓa sayen buhu don ajiya ba. Duk ranar da aka auno hatsin girki, sai ta ɗebi cikin tafin hannu ɗaya ta zuba a wata tukunya. Ba wanda ya ji ragin a tuwo, amma kafin marka tukunyar ta cika. Ruwa a randa, ashana, gishiri, lambobi a takarda, duk ba su kai kuɗin datar da muke ƙonawa a mako ba.

Abu biyu na ɗauko daga wurin aiki. Na ɗaya, ajiyar da ba a gwada ba, ba ajiya ba ce. Tocilar da batirinta ya zube da garin da ya yi tsutsa, ranar buƙata za su ba ka kunya. Don haka daga ajiyar muke ci, muna mayar da sabo a baya, kuma duk farkon damina da farkon hunturu muna zazzage lungun mu duba. Na biyu, ba a ajiye kwafi a ɗaki ɗaya da asali. Ranar 10 ga Satumba, 2024, da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shiga Maiduguri cikin dare, wanda ya cika sito da wanda bai cika ba duk da kayan jikinsu suka fita. Mu nan abin da muka fi sani shi ne ruwan Agusta da ke kayar da ginin ƙasa, da gobarar hunturu, amma darasin ɗaya ne. Takardun fili da na makaranta da katin rigakafin yara suna cikin leda a jaka guda kusa da ƙofa, hotunansu suna wayata, kwafinsu kuma yana gidan yayata a Ikara. Ita ma nata suna wurina.

Nan ne lissafin ya fi ƙarfin gida ɗaya. A layinmu yanzu mun san wa ke da rijiya, wa ke da sola, wa ke da babur da zai iya fita da mai naƙuda cikin dare, da kuma wace tsohuwa ce ba ta da mai leƙa ta. Ba ƙungiya muka kafa ba, hira ce aka yi bayan sallar isha'i, kowa ya faɗi abin da ke hannunsa.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin fafewar shi ne kaka, sa'ad da tiyar masara ta sauko a kasuwar Makarfi kuma tumatir ya yi arhar da za a iya yankawa a shanya. Wanda ya samu hali ya sayi tiya biyar, wanda bai samu ba ya fara da tafin hannu. Allah ya tsare mu da ranar buƙatarsu, in kuma ta zo, ya sa ta same mu da abin da za mu miƙa wa maƙwabci ta kan katanga.