Masu Hawan Tudu Da Keke Don Taimakon Jama'a

Yau maganar keke zan yi muku. Na san wata za ta ce, ina ruwan mace da keke, abin da ba ma taɓawa sai in za mu share tsakar gida mu gusar da na maigida? To, ku yi mini haƙuri ku karanta, gama maganar a kan 'ya'yanmu mata za ta sauka.

A ƙasashen Turawa akwai wata al'ada da masu keke suka ɗauka. Mutum zai nemi tudu guda mai wuyar hawa, ya hau kekensa tun da asuba, ya haura har ƙoli, ya gangaro, ya sake haurawa. Haka zai yi ta yi, har tsayin da ya hau, in an tara shi duka, ya kai tsayin dutsen Everest, wanda ya fi kowane dutse tsawo a duniya, watau mita 8,848, ko kuwa ƙafa 29,000 da 'yan kai. Sharaɗin shi ne tudu ɗaya, hanya ɗaya, ba kuwa barci. An yarda ya tsaya ya ci abinci ya sha ruwa, amma in ya kwanta ya yi barci, aiki ya ɓaci. Mai matsakaicin ƙarfi yakan share awa 15 zuwa 20 a kan haka, wani ma ya fi.

Wanda ya fara shi ne wani George Mallory, jikan Baturen nan mai wannan suna da ya ɓace a dutsen Everest cikin 1924. A 1994 jikan ya hau wani tudu na Ostareliya da a ke kira Donna Buang sau 8 a jere. Daga baya wani Andy van Bergen na birnin Melbourne ya tsara wa abin dokoki, ya watsu. Sa'ad da cutar korona ta kulle duniya a 2020, aka daina gasa, sai masu keke suka juya ga tudun bayan gidajensu. Cikin Yuli na shekarar nan wata Baturiyar Ingila, Emma Pooley, ta gama nata a Suwizalan cikin abin da bai kai awa 9 ba. Cikin Maris na 2021 wani mutumin Ailan, Ronan McLaughlin, ya hau wani ɗan gajeren tudu na ƙasarsu fiye da sau 70, ya gama cikin awa 6 da minti 40.

Abin da ya ja hankalina ba saurinsu ba ne, kuɗin da a ke tarawa ne. Da yawa cikinsu, kafin ranar hawan, sukan yi shela su ce, “Ran kaza zan hau tudu kaza don asibiti kaza, ko don marayu. Wa zai taya?” Sai wannan ya ce ya ɗauki alkawarin kaza a kan kowane hawa, wancan ya ce shi zai ba da nasa dunƙule in an gama. Shi McLaughlin, a hawansa na 2020, 'yan agajin da ke neman mutanen da suka ɓata ya tara wa. Wata Ba'amurkiya kuma, Rebecca Rusch, ta kira jama'a cikin Mayu na 2020, kowa ya hau tudun da ke kusa da shi, aka haɗa kuɗin don taimakon korona.

Na ji masu cewa wannan wahalar banza ce, mai niyyar bayarwa ai sai ya bayar kawai. Gaskiya ne, amma ku dubi halinmu. In an zo da takardar neman taimako mukan ce a dawo gobe. In kuwa muka ga ɗan maƙwabta yana ɗigar gumi tun safe saboda wannan taimakon, kunya ma ba ta bari mu ƙulle bakin zane. Gani ya kori ji. Wasu kuma sun ce riya ce. Malamanmu sun koya mana sadakar ɓoye ta fi, amma ba su hana ta bayyane ba, musamman in za ta sa wani ya yi koyi. Niyya kuwa tsakanin bawa da Ubangijinsa ta ke.

To, mu a ƙasar Tofa ba mu da dutse. Gonaki ne shimfiɗe, gida kusa da gida, daga Doka har Lambu, sai dai ɗorawa da kuka da mangwaro su tare ido. Mai son ganin dutse sai ya shiga birni ya dubi Dala da Goron Dutse. Amma kada mu ce don haka maganar ba ta shafe mu ba. Na taɓa ba 'yan ajina wannan lissafi. A ce rijiyar gidanku zurfinta mita 15, mahaifiyarku kuma tana jan guga 20 kowace rana. Mita nawa ta ja a yini? Suka ce 300. A wata guda fa? Suka ce 9,000. Na ce to, kowane wata uwarku tana ɗaga ruwa sama da tsayin Everest, ba wanda ya tafa mata. Da yayyafi kogi kan cika. Bambancinmu da masu keken nan guda ne: su sun ƙidaya nasu, sun kuwa ɗaura shi a kan wata bukata.

Juriya ma ba a bar mu a baya ba. Ku dubi magidantan da ke fita da asuba da buhun hatsi ko dami biyu na kara a bayan keke, suna kokawa da rairayi da iskar hunturu. A 2015 wani mutumin Katsina ya taka da ƙafa daga Legas har Abuja don murnar cin zaɓe, samari da yawa suka bi sawunsa, kowa da nasa gwanin. A 2022 wani saurayi daga Jos ya isa Makka a kan keke. Ban raina musu ba, amma tattakin taya 'yan siyasa murna, in an sami tukwici, aljihun mai tattaki ya ke shiga. Wanda ya fi burge ni shi ne Kunle Adeyanju, da ya tuƙo babur daga Landan zuwa Legas a 2022, kwana kamar 40, don tara kuɗin yaƙi da shan-inna. Mu Kanawa mun san abin da shan-inna ta yi wa gidaje kafin a tabbatar a 2020 an raba Afirka da asalin ƙwayarta.

Yanzu ga bukatar da ke damuna. Tun da na gama kwalejin horon malamai na kama koyarwa, kowace shekara ina ganin abu guda. Yarinya za ta gama aji shida tana ta ɗaya ko ta biyu, amma gidansu na can cikin ƙauye, sakandare kuwa tafiyar awa guda ce ko fiye. Zangon farko za ta jure. In damina ta sauka hanya ta cika da taɓo, ko kuwa uba ya fara jin tsoron 'yarsa budurwa tana ratsa gonakin dawa ita kaɗai, sai a ce ta zauna. Ban ga laifin uban ba. Tun da aka janye tallafin man fetur cikin Mayu na 2023 kuɗin acaɓa da na a-daidaita-sahu sun fi ƙarfin manomi mai 'ya'ya biyar. Shekara ba ta zagayowa sai in gan ta da farantin talla, ko in ji an sa rana.

Ni kaina a bayan keke na yi karatu. Shekara uku yayana yana goya ni safe da rana, ina riƙe da jakarsa da tawa, in mun zo rairayi mu sauka mu tura. Da babu tsohon keken nan a gidanmu, da ba ni ce ke rubuta muku wannan ba. Ba kuwa a gidanmu kaɗai aka ga haka ba. A jihar Bihar ta Indiya, tun 2006 gwamnati ta fara ba 'yan matan sakandare kuɗin sayen keke, masu bincike suka iske yawan masu shiga sakandare a kan lokaci ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku. Akwai kuma wata ƙungiya, World Bicycle Relief, da aka kafa a 2005, tana raba kekuna masu ƙwari ga 'yan makaranta a Zambiya da wasu ƙasashen Afirka, mafi yawa ga 'yan mata.

Saboda haka ga shawarata. Bayan kaka, sa'ad da rumbu ya cika, mu nemi iznin mai unguwa da liman, mu sa rana guda. Samarinmu masu keke su ɗauki hanyar nan da yaran ke bi da ƙafa, daga ƙofar unguwa zuwa ƙofar makaranta, su yi ta zuwa suna komowa daga hantsi har la'asar, su tsaya salla da abinci. Ɗalibai biyu su zauna a kowane ƙarshe da littafi suna rubuta sawu. Mu kuwa mata mu ɗauki alkawari daga cinikin ƙuli-ƙuli da ƙosai da awara. A ce saurayi guda ya yi sawu 12, mata 50 kuma kowace ta yi alkawarin naira 100 a kan sawu, an sami naira 60,000 ke nan daga mutum ɗaya. Wadda ba ta da tsaba ta auno tiyar gero ko gyaɗa. Mai shago da mai injin niƙa, in sun ga mata sun fara, ba za su so a ce an bar su a baya ba.

Wajen riƙon kuɗi a nan abu ke lalacewa, amma mu masu adashi ba baƙi ba ne a wannan fage. A zaɓi dattijai mata uku su riƙe, a karanta abin da aka samu da abin da aka kashe a gaban kowa, kamar yadda a ke shelar gudummawar biki. Keken da aka saya na unguwa ne, a ba da shi aro ga gidan da ke da yarinya a sakandare, in ta gama ya koma wani gida. Inda iyaye suka yarda ta tuƙa da kanta, da wandonta da hijabinta, madalla. Inda ba su yarda ba, wanta ko ƙanenta ya goya ta, da sharaɗin ran da aka ga keken a kasuwa yarinya na gida, a karɓe. A ware kuma 'yan kuɗin faci da tayoyi, gama keken da ba a gyara ba ya kai bara.

Na san keke goma ba zai kai dukan 'yan matan ƙasar Tofa makaranta ba, aikin gina makarantu kusa da jama'a kuwa yana wuyan hukuma. Amma yarinyar da ke aji shida bana ba za ta iya jiran gini ba. Ki dubi unguwarku, 'yar'uwa, ki ƙidaya su nawa ne suka gama bara, su nawa suka wuce gaba. Sa'an nan ki kai maganar wurin adashi ran Juma'a, ki gaya wa maigida da dare bayan ya ci tuwo. Unguwar da ta fara, ta rubuto mana yawan sawun da aka yi da abin da aka tara, don wasu su ji su yi koyi. Allah Ya raya mana zuriya, Ya sa albarka cikin gumin kowa, amin.