Aku a Cikin Memori



A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da namu guda uku: Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. Mu da muka saba tafka muhawarar rubutu a WhatsApp har tsakar dare, sai muka wayi gari wayoyinmu sun koma tocila. Da an sallame isha'i kowa ya shige gida ya danna sakata. Tun da aka kwashe ɗalibai sama da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, babu uwar da ke yarda ɗanta ya kai dare a waje. Matashi kuwa ba ya zaunuwa. Ƙannenmu sai kai-kawo suke yi a tsakar gida, suna neman hanyar zillewa.

Abin da ya zaunar da su 'yar rediyo ce mai cin memori. Ɗaya daga cikinmu yana da Magana Jari Ce da wani ya karanta da murya, muka tura wa juna ta Bluetooth, sauran kuma memori ya same su ta hannun direbobin da ke haɗuwa a Funtuwa. Mun karanta littafin nan a makaranta don cin jarrabawa, amma sai da muka ji shi da kunne a cikin duhu muka gane abin da Abubakar Imam ya shirya tun 1937. Sarki ya tafi yaƙi, ɗansa Musa yana son ya bi shi, Waziri ya ɗana masa tarko a waje, shi kuwa aku yana jero masa labari bayan labari don ya riƙe shi a gida har gari ya waye. Muka dubi ƙannenmu sun yi tsit a kan tabarma, muka dubi juna. Ashe aikin akun muke yi ba mu sani ba.

Da littafin ya ƙare, sai muka je wurin wani dattijo, tsohon malamin Turanci da ke duba mana rubutu, muka roƙe shi ya ba mu wani abu. Ya ɗauko Dubliners na James Joyce, tarin gajerun labarai 15 da aka buga a 1914 a kan talakawan birnin Dublin na ƙasar Ayalan. Ya ce waɗannan ba irin labaran aku ba ne: babu sarki, babu aljani, mugu ba ya haɗuwa da sakayya, kuma labarin yakan tsaya a inda mai sauraro bai zata ba. Muka ajiye masa waya a gabansa. Yana ba da labarin da Hausa, yana tsayawa yana bayani, kamar mai jan baƙi da mai fassara sun haɗu a baki ɗaya.

Na farko da ya ɗauka mana shi ne "Eveline". Budurwa ce 'yar shekara 19, uwarta ta rasu bayan ta karɓi alƙawarinta cewa za ta riƙe gidan, uban kuma mafaɗaci ne, ga yara ƙanana a hannunta. Wani ma'aikacin jirgin ruwa ya ce zai aure ta su tafi Ajantina. Ta amince, ta rubuta wasiƙun bankwana, ta je har tashar jirgi. Da lokacin shiga ya yi, sai ta damƙe ƙarfen shinge ta ƙi motsi, yana kiranta, ita ko alama. Nan labarin ya tsaya. Malam ya ɗora da sharhi mai tsawo, ya ce tsoro ne ya shanye ta, kuma darasin shi ne kada mutum ya bari tsoro ya hana shi ci gaba.

A gidan ɗaya daga cikinmu akwai gwaggonsa da ta yi hijira daga wani ƙauyen Faskari da 'ya'yanta huɗu. Mijinta ya ƙi tasowa, ya ce ba zai bar gona da kabarin iyayensa ba. Ba ta taɓa sa baki a sauraronmu ba, tana gefe tana ɓarar gyaɗa. Ran nan, Malam na tsaka da sharhi, sai ta ce, "Kai, ɗan nan, kashe abin nan." Aka kashe. Ta ce, "Malamin naku bai taɓa ɗaure kaya ya tsaya a bakin ƙofa ba. Yarinyar nan lissafi take yi, wa zai hura wa yaran wuta gobe." Ta ci gaba da ɓararta. Babu wanda ya sake kunna rediyon a daren.

Mun kai wa Malam maganar muna jin nauyi. Ya yi shiru, sannan ya ce shekara da shekaru yana koyar da labarin, bai taɓa jin wannan fassarar ba, kuma ba zai iya cewa ba ta fi tasa ba. Ya sa muka goge, muka sake ɗauka. A sabon ɗaukan ya yi duk bayaninsa tun farko: inda Dublin take, yadda talauci ke korar mutanenta ƙetare, nisan tafiyar. Da ya kai wurin ƙarfen shinge sai ya yi shiru, muka bar shirun ya ɗan yi tsawo kafin mu tsayar.

Wannan ya taɓa mu a matsayinmu na marubuta. Da yawanmu ba ma iya rufe labari sai mun liƙa masa wa'azi, kamar muna tsoron mai karatu zai ɓata a hanya. Alhali mutanen da muke rubuta wa sun san ƙunshin kaya da bakin ƙofa fiye da mu. Jagoran labari ya nuna hanya, ya buɗe ƙofa, ya tsaya a zaure. Abin da ke cikin gida na mai sauraro ne.

An dawo da layi daga baya, YouTube ya cika da littattafan da ake karantawa da murya, amma har yau memorin nan yana yawo tsakanin garuruwanmu uku. Duk mai waya da muryar da ke fita sosai zai iya irin wannan a unguwarsu, ko da labarin wani ɗan ƙungiya ne.

Gwaggo ta saurari sabon ɗaukan sau biyu. Muka tambaye ta ko yarinyar ta yi daidai da ta ƙi tafiya. Ta ce ita ma tana nan tana tambayar kanta, tsakaninta da mijinta wa ya yi daidai.

Allah Ya kawo mana zaman lafiya, Ya mayar da kowa gidansa. Amin.