Wa Muke Zana wa Allon Waya?

Duk wanda ke cuɗanya da ɗaliban manyan makarantu a Zariya a 'yan shekarun nan, ba zai rasa lura da wata sabuwar sana'a da ta shiga ransu ba. Ita ce zayyana fuskar manhaja, wato tsara duk abin da mutum ke gani yana kuma taɓawa a allon waya ko na kwamfuta, kama daga maɓalli da rubutu zuwa launi da yadda shafi ke bin shafi. Tun da Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya, a ƙarƙashin Minista Bosun Tijani, ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 da nufin horar da 'yan Najeriya miliyan 3 a fannonin fasahar zamani, aka kuma sanya wannan fanni cikin darussan, sunan Figma ya zama ruwan dare a bakin matasa. Wannan abin farin ciki ne. Sai dai ina da magana a kan abin da muke kira ƙwarewa a sana'ar, domin na lura da yawa daga cikin 'ya'yanmu sun iya kayan aikin, amma mutumin da suke zana wa bai taɓa taka ƙasar Tudun Wada ba.

Ni malamin jami'a ne, na haura shekara arba'in, kuma fannina ya fi kusa da harshe da sadarwa. Abin da ya kai ni ga koyon wannan aiki shi ne, ɗaliban da nake duba ayyukansu na kammala karatu sun fara kawo mini zanen manhajoji a matsayin wani ɓangare na bincikensu, ni kuwa ban ga dacewar in yi alƙalanci a kan abin da ban san yadda ake ƙera shi ba. Sai na mai da kaina ɗalibi. Bayan sallar Isha'i, idan an kawo wuta, nakan zauna da kwamfuta in yi awa ɗaya ko biyu. Matakin farko, wato jan murabba'i da zuba launi da ɗora rubutu, bai wuce mako biyu ba. Mataki na gaba ne ya ci watanni, kuma a cikinsa na fahimci inda gizo ke saƙar.

Ga wanda bai san ta ba, Figma manhaja ce da wasu matasa biyu a Amurka, Dylan Field da Evan Wallace, suka kafa kamfaninta a 2012, aka buɗe ta ga jama'a a 2016. Tana aiki a cikin burauza, mutane da dama kuma na iya yin aiki a kan zane ɗaya a lokaci guda, ko da wani yana Samaru wani yana Legas. Darajarta ta kai kamfanin Adobe ya nemi sayenta a kan dala biliyan 20 a 2022, cinikin ya rushe a Disambar 2023 bayan hukumomin sa ido na Birtaniya da Tarayyar Turai sun nuna rashin gamsuwa. Tana da tsarin kyauta ga mai farawa, tana kuma da wani na kyauta ga ɗalibai da malamai. Ke nan ƙofar shiga a buɗe take, in dai akwai kwamfuta da data.

Abubuwa uku ne, a ganina, ke raba ɗan koyo da gwani a cikinta, kuma kowannensu na da alaƙa ta kai tsaye da Bahaushe. Na farko shi ne gini da tubali. Gwani ba ya zana maɓalli sau hamsin. Yakan ƙera uwa guda, ya ba ta siffofinta daban-daban, kamar lokacin da take jiran a taɓa ta, da lokacin da aka danna, da lokacin da aka kulle ta, sannan ya riƙa ciro 'ya'yanta yana jerawa. Idan ya gyara uwar, duk 'ya'yan sun gyaru. Mu a Zazzau wannan ba baƙon tunani ba ne. Babban Gwani Mikaila, wanda ya gina Masallacin Juma'a na cikin birni a ƙarni na 19, da tubalin ƙasa ya ɗaga waɗannan bakunan gizo da masana gine-gine ke zuwa kallo har yau. Tubalin kowa ya san shi. Sanin nauyin da zai ɗauka da inda za a aza shi ne ya ba mutumin sunansa.

Na biyu shi ne jeri mai daidaita kansa, wanda ke sa maɓalli ko akwatin rubutu ya buɗe ko ya tsuke gwargwadon abin da aka zuba masa. Ɗan koyo na ɗaukar wannan a matsayin dabarar rage wahala kawai. Amma duk wanda ya taɓa mai da allon Turanci zuwa Hausa ya san jimlarmu ta fi tsawo a mafi yawan lokuta. Inda Bature zai sa kalma guda mai haruffa huɗu, mu sai mun ce “Aika kuɗi” ko “Tura saƙo” kafin ma'ana ta fito. Idan an zana maɓallin da ƙayyadadden faɗi, rubutun Hausa zai yanke ko ya hau kan na kusa da shi, musamman a ƙananan wayoyin Itel da Tecno da suka fi yawa a hannun jama'armu.

Na uku shi ne ma'ajin ƙima, wanda Figma ta fito da shi a 2023. Da shi ake ajiye launi ko tazara ko jimla a wuri guda da suna, sannan a sauya zanen gaba ɗaya daga wani yanayi zuwa wani da dannawa ɗaya. Yawancin darussan da ke intanet suna nuna shi ne wajen sauya allo daga fari zuwa baƙi. Ni kuwa babban amfanin da na gani a cikinsa shi ne ajiye Hausa da Turanci kafaɗa da kafaɗa tun ranar farko, ta yadda mai zane zai ga inda Hausar ta karya masa tsari kafin a kai ga rubuta manhajar. A nan ne ma tambayoyin da babu su a darasin Bature ke tasowa. Turanci ba ya bambanta namiji da mace idan yana magana da mutum, Hausa kuwa dole ta zaɓa. Shin allon zai ce “Ka manta kalmar sirri?” ya bar mata a waje, ko zai ce “An manta kalmar sirri?” ya haɗa kowa? Idan kuma manhajar za ta tsallaka Maraɗi ko Damagaram, sai a tuna cewa a can da dala ake lissafi, dala ɗaya tana daidai da sefa 5, don haka abin da allo ya rubuta 100 mai kasuwa dala ashirin yake kiransa.

Sai batun da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wato haruffa masu ƙugiya. Da yawa daga salon haruffan da matasa ke zaɓa saboda kyansu ba su da ɓ da ɗ da ƙ. Idan aka rubuta su, ko dai su fito a matsayin ƙaramin akwati, ko waya ta aro su daga wani salon su tsaya kamar bare a cikin dangi. Abin da mai zane kan yi sai ya cire ƙugiyar ya huta. Amma ƙarya da karya ba ɗaya ba ne, haka baƙi da baki. Maɓallin da aka so ya ce “Ƙi” idan ya rasa ƙugiyarsa ya koma “Ki”, sai mace ta ɗauka umarni ake shirin ba ta. Maganin kuwa yana nan a kyauta, domin salon Noto na kamfanin Google da Andika na ƙungiyar SIL duk suna ɗauke da haruffanmu. Akwai kuma wani tarko da ya kamata gwani ya sani. Saƙon tes na yau da kullum yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar harafi mai ƙugiya ɗaya ya shiga, tsarin ya sauya, iyakar ta faɗo zuwa 70. Wanda ya san wannan zai taƙaita jimlarsa tun a zane, ba sai kuɗin saƙo ya ninka an zo an yi wa harshen kaciya ba.

Ba mu ne farkon waɗanda suka fuskanci irin wannan a garin nan ba. Kafin shekarun 1930, masu rubuta Hausar boko sun yi ta fama da waɗannan sautuka, wasu na sa ɗigo a ƙarƙashin harafi, wasu na sa waƙafi a gabansa. A zamanin Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, haruffa masu ƙugiya suka samu gindin zama. Da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939, Abubakar Imam yana editanta, da kuma aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945 a nan maƙwabtanmu, mutanen wancan zamani da dalma suke jera haruffa. Duk da haka ba su ce injin Bature bai san ƙ ba don haka a haƙura. Sun sa injin ya bi harshen. Abin kunya ne a ce mu da ke da allon da ke karɓar kowane harafi cikin ƙiftawar ido, mu ne za mu zubar da abin da suka tsayar da wahala.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan gardamar malaman harshe ce kawai. Mu tuna farkon 2023, lokacin da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi. Dattawa da matan aure da 'yan tireda da ba su taɓa tura kuɗi ta waya ba, dole ta sa suka fara. A irin wannan hali, allon da bai fito da sunan mai karɓa ɓaro-ɓaro kafin a tabbatar ba, ko wanda bai bayyana ko kuɗi sun tafi ko sun maƙale ba, yana iya cinye jarin mai ƙosai. Zane a nan ya zama amana.

Shi ya sa nake ganin mataki mafi girma a koyon Figma yana wajen Figma. Manhajar tana ba da damar haɗa shafuka su zama samfurin gwaji da za a buɗe a waya a danna kamar gaske. Jakob Nielsen, masani ɗan ƙasar Denmak, ya daɗe yana nuna cewa gwaji da mutum biyar kacal kan tono mafi yawan matsalolin zane. Na sa wata ɗalibata ta gwada haka da samfurin manhajar adashi da ta zana, muka shiga kasuwar Tudun Wada da rana tsaka. Rubutun toka-toka a kan fari, wanda ya yi kyau a ɗaki, ya ɓace ƙurmus a cikin hasken rana. Wani dattijo mai sayar da hatsi ya duba alamar ajiya da ta sa, ya ce mata, “'Yata, wannan hoton mene ne?” Wata mai sayar da kayan miya kuwa ta yi ta danna maɓalli biyu a tare, domin sun yi ƙanana sun kuma matsu. Duk waɗannan suna da ƙa'ida a rubuce. Ƙa'idojin W3C sun nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bango ya kai 4.5 bisa 1, Google kuma ya ba da shawarar kada wurin taɓawa ya gaza kusan milimita 9. Ɗalibar ta san alƙaluman tun a aji, amma sai a gaban buhun masara suka zama ilimi a wurinta. Da yake ta gina zanen da tubali da ma'ajin ƙima, gyaran bai ɗauke ta yini guda ba.

Na san abin da wasu matasa za su ce, domin sun sha faɗa mini: “Malam, kuɗin yana wurin Turawa, wa zai biya ni in zana wa mai hatsi?” Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba na hana kowa neman dala. Amma su duba abu biyu. Na ɗaya, ƙirƙirarriyar basira ta riga ta fara fitar da kyawawan shafuka cikin daƙiƙu, don haka wanda iyakar gwanintarsa kwaikwayon abin da ya gani a intanet ne, kasuwarsa na tsukewa. Na biyu, kamfanonin hada-hadar kuɗi da na lafiya da na noma suna neman shiga Arewa, kuma abin da suka rasa shi ne wanda ya san kayan aikin ya kuma san mutanen. Wanda ya iya zana allon da zai yi aiki a ƙaramar waya, cikin rana, da intanet mai rauni, a harshe biyu, ba abin da zai gagare shi a aikin Landan.

Kirana ga jami'o'inmu da kwalejojinmu shi ne su haɗa abin da ke rarrabe. A Jami'ar Ahmadu Bello kaɗai akwai masu koyar da zane da masu kimiyyar kwamfuta da masana Hausa, kowa a tsangayarsa. Aikin kammala karatu guda da zai haɗa ɗalibi daga kowane ɓangare zai iya samar da abin da muke buƙata ƙwarai, wato daidaitattun kalmomin allo na Hausa da tarin tubalan zane da kowa zai ɗauka kyauta. Masu horarwa kuma su sa fita gwaji cikin sharuɗɗan ba da takardar shaida. Ku kuma ɗalibai, ku koyi Figma har ƙarshenta, kada ku tsaya a launi da inuwa. Amma kafin ku kira zane kammalalle, ku miƙa wa mahaifiyarku wayar, ku yi shiru, ku ga ko za ta kai inda kuke so ba tare da kun ce uffan ba. Allah Ya sa mu dace.