Abin Da Hunturu Ya Koya Mini

Ga hunturu ya sake shigowa, ya ku 'yan makaranta, na kuwa san abin da kukan faɗa kowace safiya sa'ad da aka kaɗa ƙararrawa aka ce ku fito wanka. Wani ya ce leɓensa ya tsage, wani ya ce faso ya hana shi taka ƙasa, wani kuwa ya duƙunƙune cikin bargo yana ta zagin iska, sai ka ce iska kunne gare ta. Ban ga laifinku ba, gama ni ma na yi haka, har na fi ku. Amma ku kasa kunne in ba ku labarin wani dare guda, wanda tun daga shi ban ƙara zagin ɗari ba.

Garinmu wani ɗan ƙauye ne a arewacin ƙasar Katsina. A shekarar 1983 ciwon bushiya ya faɗa wa shanun ƙasar nan, ya yi musu mummunar ɓarna. Bijimai biyu ke gare mu na huɗa, cikin mako guda duka suka mutu. Ba mu gama juyayin wannan ba sai daminar 1984 ta zo da fari, gero ya bushe a tsaye. Da aka ba mu hutun Disamba na komo gida daga makarantar kwana, sai na tarar cikin rumbunanmu uku guda ɗaya kaɗai ke da hatsi, shi ma bai kai wuya ba. Abin da ya rage mana na dabba kuwa, jaki ne guda, da kaji kaɗan, da wata jar akuya mai tsohon ciki.

Ni kuwa a lokacin kaina ya yi girma, domin na zauna da 'ya'yan mutanen birni, na ji labarin gidajensu. Kome na gani a gida sai in raina shi. Ɗakin ya yi mini duhu, ɗumamen safe ya yi mini gauɗi, iska kuma ta sa ni gaba.

Wannan iska, in kuna so ku sani, daga arewa maso gabas take tasowa, ta ratso Sahara, tun daga ƙarshen Nuwamba har cikin Maris. Yawancin ƙurar da take ɗauko mana daga wani kwari ne na ƙasar Cadi da ake kira Bodele, wanda a zamanin da can gindin wani babban tafki ne, ruwansa ya ƙafe ya bar farar ƙasa mai laushi. Da yake iskar busasshiya ce, sama kuma ba gajimare, zafin da ƙasa ta sha da rana ba ya samun abin da zai tare shi da dare, sai ya tashi ya bar mu. Shi ya sa asuba ta fi kowane lokaci sanyi.

Duk da haka aikin gida bai tsaya ba. Tun da jijjifi Baba kan aza wa jaki mangala ya kai taki gona, ko da yake gonar nan ba ta ba shi kome ba a wannan shekara. Inna ta hura wuta ta dama kunun tsamiya. Kaka, watau mahaifiyar Baba, ta zauna gaban kaskonta, ta jera ƙannena tana shafa musu man kaɗe a dugadugai. Aikina shi ne kiwon akuya. In sauko mata da harawa daga kan runfa, in dama mata dusa da ɗan kanwa a ruwan ɗumi, da hantsi kuma in tafi gindin gawo in tsinto mata 'ya'yansa. Gawo kuwa itace ne mai ban al'ajabi, gama da damina yakan kaɗe ganyensa ya bar wa shuka rana, sa'an nan da rani, lokacin da sauran itatuwa suka yi tsirara, shi ya yi kore ya ciyad da dabbobi. Kullum ina tsayawa ƙarƙashinsa, amma ban taɓa ɗaga kai na yi tunanin wannan ba. Gunaguni kaɗai nake yi.

Ran nan Kaka ta ji ni ina cewa ni da nake karanta Turanci ban ga abin da ya haɗa ni da dusar akuya ba. Sai ta yi dariya, ta ce, "Maigidana, mai raina kaɗan ɓarawo ne." Ba ta ƙara kome ba.

Bayan kwana uku Baba ya tafi wata kasuwa mai nisa da jakinsa, zai kwana can. A daren nan ɗari ya sauko irin wanda ban taɓa ji ba, iska tana kaɗa danga kamar za ta tuge ta. Dare ya raba sai na ji ana girgiza ni. Kaka ce, riƙe da fitila. Ta ce, "Tashi, maigidana, yau kai ne namijin gida. Akuya na naƙuda."

Muka isa turke muka iske ta haifi biyu. Na farin ya miƙe yana tangaɗi yana laluben nono. Ta biyun kuwa, 'yar mace, tana kwance jiƙe sharkaf, ko motsi ba ta yi. Na taɓa ta na ji kamar randa. Kaka ta durƙusa, ta share mata hanci da baki da tsumma, ta yi ta murza ta, har muka ga haƙarƙarinta ya ɗan ɗaga. Sai ta ce, "Maza ɗauko bargonka."

Na tsaya. Bargon nan shi ne abin da na fi ji da shi duk cikin kayana, da shi nake fita kunya a makaranta. Na ce, "Kaka, bargon makaranta ne fa. Zai ɓaci."

Ta ɗaga fitila ta haska fuskata, ta ce, "Kai, ka san da kuɗin me aka saye shi? Bara 'ya'yan akuyar nan biyu ubanka ya kai kasuwa, ya sayo maka bargo da akwati da takalmi. Kayan uwarta ne. Ara mata."

Wallahi maganar nan ta fi iskar daren nan ratsa ni. Na ruga na ɗauko, muka naɗe ta muka kai ta ɗaki kusa da kasko. Na tashi zan rufe ƙofa ruf, Kaka ta hana ni, ta ce a bar wa iska hanya, domin hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yakan kashe mutum cikin barci. Ta aike ni na tatso dakashi a ludayi, watau nonon fari mai kauri da uwa ke fara kawowa, wanda ke ɗumama jariri ya kuma kare shi daga cuta. Ina tsoma yatsa ina ɗiga mata a baki kaɗan kaɗan. Inna ta fito ta ƙara itace, ƙannena suka farka suka kewaye mu, duk muka cure wuri guda.

Muna zaune Kaka ta shiga ba mu labarin farin da aka yi a 1973, yadda aka wayi gari gidan nan ba ko kaza. Sa'an nan ta fara lissafi da yatsunta. Ta ce bana ga akuya, ga jaki, ga rumbu guda, ga rufi bisa kanmu, ga rijiya ba ta ƙafe ba, ga shi kuma tun da shekara ta kama ba a fitar da gawa daga gidan nan ba. Kowanne ta faɗa sai ta ce, "Alhamdu lillahi." Yatsunta suka ƙare, lissafi bai ƙare ba. A nan na gane ashe ni da na yi makaranta abin da muka rasa kaɗai na iya ƙidayawa, ita da ba ta san baƙi ba ta iya ƙidaya abin da ya rage.

Assalatu sai muka ji wani ɗan siririn kuka daga cikin bargo. 'Yar akuya ta turo kai, ta dafa ƙasa, ta faɗi, ta sake yunƙurawa, ta tsaya. Uwar ta amsa mata daga turke. Ban san lokacin da na fashe da dariya ba, hawaye na zuba. Da Baba ya komo aka gaya masa, ya dube ni, ya ce, "Madalla." Ban taɓa samun lambar da ta fi wannan a makaranta ba. 'Yar akuyar nan ta girma ta hayayyafa, daga cikin 'ya'yanta kuma aka biya mini kuɗin jarrabawar fita.

Ba na ce muku hunturu ba shi da cuta ba. Yana kawo tari da mura, gobara takan yawaita, annoba takan shiga kaji, a ƙarshensa kuma sanƙarau kan ɓullo. Godiya ba ta hana a kashe wuta kafin a kwanta, ko a kai yara da dabbobi rigakafi. Da irin wannan ƙoƙari ne aka kau da bushiya, har a 2011 aka yi shelar ta ƙare a duniya duka. Amma ku duba ɗaya hannun kuma. Da ɗari sauro ke raguwa, hatsi ya bushe sarai ya ajiyu, alkama ta yi kyau a gonakin noman rani irin na Kadawa. Da ɗari ne kuma mutanen gida ke taruwa gefen wuta guda, yaro ya ji abin da ba a rubuta cikin littafi ba.

Saboda haka, in kun tafi hutu, kada ku shiga gida kuna yatsina. Ku karɓi kwandon harawa da hannu biyu. Ku tambaya a gaya muku abin da aka sayar aka ɗinka muku rigar da ke jikinku, watakila za ku iske mai ita tana ɗaure a turke. Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici.

Kaka ta daɗe da rasuwa, Allah ya ji ƙanta. Ni kuwa yanzu furfura ta fito mini, ina zaune cikin birni, amma har wa yau akwai jar akuya a bayan ɗakina. Duk asubar da ɗari ya tsananta, ni da kaina nake kai mata dusa da ruwan ɗumi, in tsaya in yi lissafin nan da yatsuna.